Shekarar da Ban Tafi Arewa Ba

Zeinabu, ke ce kika fi damuna da wannan tambaya tun kina lakwal, 'yar makaranta, har kika yi aure, don haka da sunanki zan fara, ƙannenki su saurara a bayanki. Kun tashi kuna jin ana cewa ubanku ya samu aiki a kamfanin haƙar ma'adinai can arewa, takardar kira ta zo har gida, amma ya ƙi tafiya saboda tarkacen sojan zamanin Faransa. Wasu sun ce tsoron hamada na ji, wasu sun ce uwarku ce ta riƙe ni. Babu gaskiya ko ɗaya a ciki. Tarkacen suna nan kam, a ɗakin da ke jikin zaure, madubai da tutoci da fitilu, amma ba don su na zauna ba. Su ne suka biyo bayan zaman.

A lokacin ina gyaran moto, wato babur, da injin ban ruwa na masu albasa a nan Sabon Gida, wani lokaci in leƙa Madawa in an kira ni. Aikin yana ciyar da mu, bai wuce haka ba. Bayan gidanmu akwai wani dattijo, abokin mahaifina, ana ce masa Kabran Idi, kabran ɗin muƙaminsa ne na soja, wato kofur. Ya yi soja tun zamanin Nasara, ya dawo ya kama noman dawa da wake kamar bai taɓa fita garin ba. Ban taɓa ganin ya rataya lambar yabo a ƙirji ba, ban kuma taɓa jin ya ba da labarin yaƙi a majalisa ba. Dogon mutum ne mai magana a hankali, in ya ce zai zo da hantsi to da hantsi za ka gan shi. Shi ya koya mini riƙon magagari, yana cewa ƙarfe ba ya son gaggawa. A shekarar da nake faɗa muku yanar ido ta fara rufe masa idanu, har ya kai yana gane mutum da murya kafin fuska.

Wata safiya ya zo rumfata da sanda, ɗauke da wani akwatin katako a hammata. Ya sa na buɗe. A ciki akwai ƙafafu uku na katako masu naɗewa, da wani zobe na tagulla mai faɗin faifai, da ɗan maɓalli a bayansa wanda in ka danna zoben yake ɗan sunkuyawa. Gilashin da ke cikin zoben ya fashe, sai ɓaraguzai a gefe. Ya ce wannan shi ne madubin soja. Kafin rediyo ta yawaita, da shi ake aika saƙo daga dutse zuwa dutse: a kama hasken rana, a jefa shi ga wanda ke nesa, gajeren walƙiya da dogo, kowane haɗi harafi ne. Aikinsa ke nan a soja.

Ya zauna kan tsohuwar taya ya ba ni labarin da bai taɓa ba kowa ba. Shekara uku ya yi a kan wani dutse can bayan Agadas. A wani dutsen kuma, tafiyar yini a raƙumi, akwai wani mai madubi da suke musayar saƙo kullum. In sun gama na kumandan, sai su ɗan yi nasu da Hausa, su tambayi lafiya, su yi ƙorafin abinci. Bai taɓa ganin fuskarsa ba. Sunansa kawai ya sani, Agali, da kuma hannunsa, don kowane mai madubi yana da yadda yake danna maɓalli, kamar yadda kowa yake da irin tafiyarsa. Wata rana aka tura Idi rakiyar wasu sojoji, su goma sha ɗaya. Guguwa ta ɓatar da su, raƙumin da ke ɗauke da madubin ya faɗi gilashin ya fashe, ruwa ya ƙare. A rana ta uku, sun riga sun kwanta jiran mutuwa, sai ya hango walƙiya can ƙarshen ƙasa. Agali ne, yana share hamada da haske gaba da baya, yana maimaita magana ɗaya: ku nufo haske, rijiya tana dama da dutse. Tun safe har faɗuwar rana bai tsaya ba, kuma Idi ba shi da abin mayar da amsa. Suka bi hasken da rarrafe. Makiyaya suka tsince su a bakin rijiyar washegari. Sai a gadon likita ya ji cewa tun safiyar ranar an ba da umarnin tashi daga dutsen, mai madubin ya ƙi sauka, sai da rana ta faɗi aka ɗaure shi aka sauko da shi, aka cire masa igiyar kabran. Daga nan aka tura Idi ƙetaren teku, bai sake jin labarinsa ba.

Na tambaye shi me ya tayar da maganar yanzu. Ya ce wani ɗan kasuwar albasa ne ya faɗa masa ya taɓa ganin wani tsoho a wata kasuwa wajen Keita yana da madubi mai ɗan rami a tsakiya.

“Idanuna na tahiya, Mahamadu. In shi na, ina son ya san mun gani. Abin ke nan.”

Kwana kaɗan kafin wannan takardar kamfani ta zo. An ba ni rana da zan hau kamiyo, babbar motar kamfanin, a Tawa, saura wata uku, kuma an rubuta a fili cewa wanda bai zo ba a ba wani gurbinsa. Na ga wata uku sun ishe ni in nemo mutum ɗaya. Na ɗauka abu ne na mako biyu.

Haka na shiga bin kasuwanni a kan moto, Karofane, Buza, Keita, da ƙauyukan da ke cikin duwatsu waɗanda sai ka sauka ka tura moto kafin ka kai. Masu suna Agali sun fi a ƙirga a wannan ƙasa, don haka na daina tambayar suna, na koma tambayar wa ke da kayan soja na dā. Nan mutane suka fara fito mini da abubuwa. A Karofane wata tsohuwa ta ɗauko wani ƙyalle rabi ja rabi fari da take rufe ƙwaryar fura da shi, ta ce na mijinta ne, in ina so in tafi da shi don ɗiyanta ba su san darajarsa ba. A wani ƙauye na tarar da fitila mai murfin ƙarfe da ake buɗewa da rufewa, an mayar da ita wurin ajiyar kanwa. Wani wanzami a Buza yana da madubin hangen nesa na tagulla, yana ba yara su leƙa ranar sallah. Ban fita da niyyar tara komai ba, amma duk abin da aka miƙo mini sai in kawo wa Kabran. Yakan ɗora shi a cinya ya bi shi da yatsu, ya gaya mini yadda ake riƙe tuta, yadda ake kare fitila daga iska, da abin da ake yi wa sojan da ya aika harafi ba daidai ba. Yana shafa fitilar nan ya gane cewa murfinta ya karkace da ɗan abin da ni mai ido ban gani ba. A waɗannan watanni na fahimci irin mutanen da suka riƙe kayan nan: 'yan ƙauye irinmu, waɗanda ba su taka lakwal ba, aka ba su haruffan wani harshe suka haddace, suka zauna kan duwatsu cikin rana rayukan mutane suna rataye da yatsansu. Tun daga lokacin ban iya ganin irin kayan a yashe in wuce ba.

Saura kwana biyar kamiyo ya tashi na sami Agali. Wani ƙauye ne a kan tudu bayan Keita, na mutanen da kakanninsu suka zauna ƙarƙashin Abzinawa, yanzu manoma ne kamar kowa. Aka nuna mini wani gajeren tsoho yana jera duwatsu a gonarsa don tare ruwan sama. Idanunsa tar, kamar na shaho. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai daina jera duwatsun ba har na gama. Sannan ya ce mini mutanen nan sun mutu. Lajidan ɗin, shugabansu da ya ɗaure shi, ya gaya masa da bakinsa cewa ya ɓata yini guda yana haska wa gawawwaki, daga nan aka kulle shi, aka sallame shi daga soja. Madubin ma wani sarjan ne ya ji tausayinsa ya bar masa, da yake rediyo ta zo an zubar da su. Ya ce shekara arba'in da wani abu yana roƙa musu gafara, ba zai yarda wani ya zo ya yi wasa da wannan ba. Na ce ya hau bayana in kai shi ya ga mutumin da idonsa.

“In na gan shi mi zan gane? Ban san huskarshi ba. Kowa na iya cewa shi na Idi. Ku aza shi bisa dutsi da madubi. In shi na, zan gane hannunshi.”

Ya ce zai zo Buza ranar kasuwa mai zuwa, da madubinsa. In ta wuce, shi zai shiga shuka, ba mai ganinsa sai kaka. Na lissafa a zuciyata, ranar ita ce ranar kamiyo.

Tun daga Keita har gida ina neman hanyar da zan haɗa biyun, ban samu ba. Madubin Kabran yana bukatar sabon gilashi da gyaran maɓalli, kuma dole wani mai ido ya saita masa shi a kan dutse. Ba wanda ya koyi wannan sai ni. Idanunsa kuma ba za su kai kaka ba, kowa ya ga haka. Na tarar da uwarku tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna na faɗa mata duka. Hadiza ba mai yawan magana ba ce, kun sani. Ta daɗe tana kaɗa rariya kafin ta amsa.

“In ka tahi, ɗiyanka za su sha shayi da madara. In ka zauna, za mu ci abin da munka saba ci. Ni ba ni zaɓa maka. Amma duk wanda ka ɗauka, kada wata rana ka aza shi bisa kaina.”

A ranar ni kaina ban san wanda zan ɗauka ba. Na shiga rumfa na ce bari in fara gyaran tukuna. Na yanko gilashi daga madubin wani mataccen kamiyo, na kankare ɗan rami a tsakiyar bayansa yadda Kabran ya kwatanta, na yi kwana biyu ina goge maɓallin da magagari yana zaune kusa da ni yana gwadawa da yatsa, yana cewa ya yi tauri, ya yi sako-sako. Bai san da maganar ranar kamiyo ba, na hana a gaya masa, don na san in ya ji zai rufe akwatinsa ya tafi gida. A yini na biyu ya danna maɓallin ya ji ya zauna daidai, sai na ga yatsansa ya fara gudu a kai shi kaɗai, fuskarsa ta koma ta wani mutum da ban sani ba. Nan na san ba za ni Tawa ba.

Shi ya zaɓi duwatsun, da kwatancen da na yi masa: ɗaya kudu ɗaya arewa da wani kwari kusa da Buza, don rana ta yi wa kowa adalci da safe. Bai so su yi nisa sosai ba saboda idonsa. Na aika wa Agali da bayanin ta bakin wani mai jaki. Ranar muka hau da hantsi, Kabran yana dafe da kafaɗata, yana tsayawa yana hutawa. Na kafa ƙafafun, na leƙa ta ramin na saita kan dutsen da ke fuskantarmu yadda ya koya mini. Bazara ce, gizagizai sun fara taruwa a gabas, sai da muka jira wani ya wuce. Sannan ya sa hannu ya aika kira. Shiru. Ya sake. Shiru. Na fara tunanin tsohon bai zo ba, na yi asarar aikin a banza. Kabran bai nuna damuwa ba, ya ce mini haka Agali yake, sai ya saurara tukuna. Ya ci gaba da aikawa, doguwar magana wadda ban san me take cewa ba.

Sai dutsen can ya buɗe ido. Fari fat, kamar an kunna wata ƙaramar rana. Na juya in gaya masa, na tarar ya riga ya gani. Daga baya ya ce mini duk duniya hazo ce a idonsa, amma wannan hasken ya huda ta. Leɓɓansa suna motsi yana karantawa, sai ya yi wata 'yar dariya. Na tambaye shi me ya ce.

“Ya ce har yanzu ina jan wutsiyar harahi kamar mai jan akuya.”

Walƙiyar ta sake zuwa, gajeriya. Ya daina dariya. Ya ce Agali yana tambayar mutum nawa suka kai rijiya. Ya danna masa amsa: tara. Daga nan hasken ya ɗauke, ya daɗe bai dawo ba, har na zaci madubin Agali ne ya faɗi. Mun fi rabin sa'a muna tsaye cikin rana. Da ya dawo, kalma biyu ce: su wa. Kabran Idi ya gyara tsayuwa ya fara aika sunaye, ɗaya bayan ɗaya, yana faɗa a fili yana dannawa, kowane mutum da garinsu, da abin da ya sani na ƙarshensa: wannan ya yi aure a Damagaram, wannan ya mutu a ƙetare, wannan ya zama direba. Bayan kowane suna dutsen can yakan yi walƙiya ɗaya, alamar an karɓa. Da ya gama taran ya aika na biyun da suka rage a hanya. Zufa tana zuba daga gemunsa.

A gindin wani gawo cikin kwarin suka haɗu. Na zaci za su rungume juna, ba su yi ba. Suka yi musabaha suka riƙe hannu, suka rasa abin cewa, kamar surukai. Kabran ya ɗaga ɗayan hannun ya laluba kan Agali, ya ce shi duk shekarun nan ya ɗauka dogo ne. Agali ya ce shi ma ya ɗauka mai hankali ne, ba wanda zai bar madubi a kan raƙumin da ya fi kowane taurin kai ba. Daga nan bakinsu ya buɗe. Na hura musu wuta na dafa shayi, na koma gefe.

Kafin a yanke hatsi idanun Kabran suka rufe gaba ɗaya. Ya ƙara damina biyu a duniya, kuma Agali yakan zo a kan jaki ya kwana biyu uku a zaurensa. Da ya rasu, akwatinsa ya zo hannuna bisa wasiyyarsa, na Agali kuma ɗiyarsa ta kawo mini bayan shekaru. Sauran na ci gaba da tarawa duk inda aiki ya kai ni, ina gyara wanda ke gyaruwa, ina rubuta sunan mai shi a takarda in ɗaura masa. Wanda aka ba gurbina a kamfanin ya gina gidan siminti a Madawa, ya kai ɗiyansa karatu Yamai. Ke kuwa, Zeinabu, kin ci jarrabawa kin so ki wuce Tawa karatu, ban iya biya ba. Na ga yadda kika naɗe littattafanki kika sa a ƙasan akwati. Wannan ba ƙaddara kaɗai ba ce, hannuna yana ciki, kuma ba na roƙon ki ce na yi daidai. Na dai so ki san abin da aka saya da shi.

Na tsallake yammacin ranar da muka hau dutsen. Bayan na mayar da Kabran gidansa na shigo namu ana kiran la'asar. Jakar tafiyar da na haɗa tun zuwan takarda na bari a rataye babu ita, an mayar da kayana wurinsu. Uwarku tana zaune a bakin murhu, ba ta ɗago ba. Ta tambaye ni ko ya gani. Na ce ya gani. Ta ce to, in wanke hannu. Sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙunshi na tsumma, ta kwance shi a tsakar gida: kilishi ne, da dakuwa, da garin fura busasshe. Ashe kwana uku tana haɗa mini guzurin hanya a gidan ƙanwarta, a ɓoye, don kada in gani in ce ta zaɓa mini. Ta kira ku ta raba muku. Ke kika fi kowa ci, kina tsalle kina tambayar wace salla ce yau. Ita ko ɗanɗanawa ba ta yi ba, ta kakkaɓe tsumman ta ninke, ta koma ta ɗora tukunyar tuwo.